Gawo Ba Ya Jiran Bikin Dashe

Duk damina, da ruwa ya zauna, sai manya su fito da manyan riguna, a miƙa musu shebur, su dasa ɗan dogon yaro a gaban masu ɗaukar hoto. Kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da shi. Baɗi a sake. Amma har yau ana nanata mana cewa dashe ne maganin hamada, manomi kuwa da gatarinsa shi ne mai laifi.

Ban yarda ba. A tsallaka Jibiya a shiga ƙasar Maraɗi a gani. Tun wajen 1983 manoman can suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ba ta neman ban ruwa. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, yawanci a Maraɗi da Damagaram.

Kakanninmu ma sun san gawo. Yana zubar da ganye da damina, gero ya samu rana da taki, ya kuma yi kore da rani lokacin da tumaki ke neman 'ya'yansa. Abin da ya raba manomi da shi doka ce da ta mayar da itace mallakar gwamnati. Wanda ma'aikacin gandun daji zai ci tara don ya sare reshe a gonarsa, dole ya tuge toho tun yana ƙarami. Da aka sakar wa manomi mara a Nijar, ƙauyuka suka kafa kwamitocin tsaro, itace ya dawo.

Tun 2007 Tarayyar Afirka take maganar katangar itatuwa mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. To, ba sai an jira ta ba: manomin Mai'aduwa da na Matamaye ta Nijar harshensu ɗaya, jigawarsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, makiyayi ɗaya ne ke ratsa gonakinsu. A ɗauki kuɗin bikin dashe na shekara guda a kai manoman Daura su kwana bakwai a gonakin Kance ta Nijar, tare da arɗo da mai gari. Su dawo da takardar da ta ce itacen gonarsu nasu ne.