Ra'ayinmu: An yi binciken a Damagaram, ina rabon ɗan Damagaram?

Akwai wata cuta da likitoci ke kira noma. Sunan daga harshen Girkawa ya fito, ma'anarsa cinyewa, kuma bai haɗa komi da noman da talaka ke yi da hauya ba, in ban da cewa cutar ta fi sauka a gidan da noman bai ciyar da shi ba. A karkara wasu na ce mata ciwon iska. Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin ƙauye, da duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kaiwa daji, ya ga aikinta ko da bai san sunanta ba: budurwar da kullum bakin gyalenta ke rufe da rabin fuska, ko saurayin da ke karɓar abinci ta wata kafa a kunci saboda muƙamuƙinsa ya ɗaure. Waɗannan su ne suka tsira. Sauran an binne su tun suna ƴan shekara uku ko huɗu, kuma ba a rubuta abin da ya kashe su a kowane kundi ba.

Ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Najeriya ce ta kai takardar neman haka a watan Janairu na wannan shekara, da sunan ƙasashe 32. An yi murna, mu ma mun yi. To amma tun 1994 OMS ta ce noma matsala ce ta lafiyar jama'a, kuma alƙaluman da duniya ke maimaitawa, wato yara 140,000 da ke kamuwa kowace shekara, tara cikin goma na mutuwa in ba a yi musu magani ba, ƙiyasi ne na 1998. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi wannan lissafi yau magidanci ne. Ɗan kasuwar da ya kwana sama da shekara ashirin bai ƙidaya hajarsa ba, kowa ya san abin da za a ce da shi a kasuwar Maraɗi.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a duniya kan wannan cuta, a ƙasarmu aka yi shi. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana karɓar yaran noma a Damagaram tun 1992. Daga 2001 zuwa 2006 wata tawagar masu bincike ta Jeneba mai suna GESNOMA, ƙarƙashin likita Denise Baratti-Mayer, ta bi yara 82 ƴan ƙasa da shekara 12 da cutar ta kama sabuwa, ta gwada su da yara 327 masu lafiya, sa'o'insu, daga ƙauyukansu. An auna tsawonsu da nauyinsu, an ɗebi jininsu da dattin dasashinsu, an zauna da iyayensu mata an yi musu tambayoyi. Sakamakon ya fito a 2013 a mujallar Lancet Global Health, cikin Turancin Ingila, harshen da ko majinyacin da ya taimaka wajen ɗibar jinin ba lalle ya karanta shi ba, balle uwar yaron.

Ga abin da suka gano, da Hausa. Yaron da noma ta fi kamawa shi ne wanda tamowa ta tsumburar da shi ko ta ramar da shi ƙwarai. Wanda ya yi fama da zawo, ko masassara, ko ciwon ƙirji cikin wata uku kafin cutar ta bayyana. Wanda uwarsa ta yi ciki da yawa kafin nasa. Sai kuma wani abu da ya ba mutane mamaki: gidan da babu kaji ya fi gidan da ke da su haɗari. Kada wani ya ɗauka kaza magani ce. A namu fahimtar, gidan da ko kaza babu ya kai maƙurar talauci, ba ƙwai, ba abin da za a kama a sayar ranar kasuwa in yaro ya kwanta. Amma wannan ya girgiza wani tsohon zato da ke cewa zama kusa da dabbobi ne ke jawo cutar.

Haka ma batun ƙwayar cuta. Masu bincike a Najeriya, a ƙarshen shekarun 1990, sun zargi wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum. Binciken Damagaram bai tabbatar da zargin ba. Abin da ya gani shi ne ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowane mutum sun rikice, wasu irin su Prevotella sun yi yawa, wasu sun ragu, a jikin da yunwa da jinya suka riga suka karya garkuwarsa. Ma'anar wannan ga uwa da maƙwabta babba ce. Noma ba ta tsallakawa daga yaro zuwa yaro, saboda haka ɓoye marar lafiya a ƙuryar ɗaki da hana shi cin tuwo da ƴan uwansa zalunci ne kawai. Kuma tun da ba ƙwaya ɗaya ba ce, kada kowa ya zauna jiran wata allurar rigakafi da za a sauke a filin jirgin Yamai. Ƙasashen Turai sun rabu da noma kafin a ƙirƙiro penisilin, da abinci da tsabta suka wadata. Da ta sake bayyana a can, a sansanonin da ƴan Nazi suka tsare mutane da yunwa lokacin yaƙin duniya na biyu ta bayyana.

Binciken yana da iyakarsa, kuma ya kamata a faɗa. Yaran da aka gani su ne waɗanda suka iso hannun likita da rai. Wanda ya mutu a kan amalanke tsakanin ƙauye da gari bai shiga lissafi ba, kuma irinsa ne suka fi yawa. Gwada marar lafiya da mai lafiya yana nuna abin da ke tafiya tare da cuta, bai isa ya nuna wanne ya haifi wanne ba. Har yanzu ana neman dalilin da ya sa, cikin dubban yara masu tamowa da ciwon dasashi, wannan ya warke, wancan kuma fuskarsa ta ruɓe.

Sai dai abin da aka riga aka sani ya isa a ceci rai. Cutar na farawa da dasashi mai kumburi da jini, da warin baki mai tsanani, da dalalar miyau, yaro ya ƙi abinci. Sannan kunci ya kumbura. Daga nan kwanaki kaɗan ne, sau da yawa ba su cika mako biyu ba, wani baƙin tabo ya fito, nama ya mutu ya faɗi, ya bar rami har ga ƙashi. Yara ƴan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, wato daga yaye zuwa shiga lakwal, sau da yawa bayan ƙyanda ko masassarar cizon sauro. In aka tare ta a matakin dasashi ko na kumburi, maganinta amoksisilin da metronidazol, da wanke baki, da abinci mai gina jiki. Duka kuɗinsu bai kai na buhun hatsi ba. In aka bari ta wuce, sai a jira miki ya lafa, sannan a shiga fiɗa bayan fiɗa, a ciro fata da nama daga wani sashen jiki a gina kunci ko leɓe ko hanci. An kai yaranmu da dama har Jeneba don wannan aiki, ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus ta yi nata a Yamai, a Sakkwato kuma akwai asibitin yaran noma tun 1999. Ko bayan fiɗa ba a gama ba: bibiyar da aka yi wa marasa lafiya a Sakkwato ta nuna cewa muƙamuƙin da aka buɗe yakan sake ɗaurewa a wurin mutane da yawa, musamman in babu mai bin su da motsa baki na watanni.

Tsakanin ƴan ƙwayoyin magani da tikitin jirgin Jeneba, bambancin kwana goma ne da mutum ɗaya da zai ce wa yaro buɗe bakinka.

A nan ne muke da magana da hukuma. Tun 2006 doka ta ce a yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. Kowane majinyaci ya san yadda aka kwashe shekaru gidajen likita na bin baitulmali bashin wannan kyauta, har kantar magani ta bushe, uwa ta yi tafiyar yini a miƙa mata takarda a ce ta je farmasi. Uwar da aka yi wa haka sau ɗaya, in dasashin ɗanta ya yi jini, wurin wanzami ko boka za ta nufa, a ƙona wurin ko a shafa masa gari, kwanakin da ke da tsada su wuce. Ba mu ga laifinta ba. A 2024 an rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocin gomnati, abin a yaba ne, amma ragin ba ya amfanin wanda ya tarar da kanta babu amoksisilin. Ma'aikatar lafiya na da shirin yaƙi da cututtukan baki da noma. Muna so mu ji daga bakinta, jaha jaha, yara nawa aka gani bara a Tawa, nawa a Maraɗi, nawa a Damagaram, a wane mataki suka iso, nawa suka rayu. In lissafin na nan, a buga shi jama'a su gani. In babu, a sa noma cikin cututtukan da kowane gidan likita ke ba da rahotonsu, kamar yadda ake yi da ƙyanda da sanƙarau.

Kada kuma a ce mana Nijar ba ta iya babban bincike. A Madarunfa aka gwada allurar ɗigon baki ta rigakafin zawon rotabirus mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, sakamakon ya fito a 2017, duniya ta amfana. A jahar Doso aka yi gwajin rabon azitromisin ga yara sau biyu a shekara, wanda a 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a ƙauyukan da aka raba. Ma'aikatan da suka bi gida gida suna wannan aiki ƴan ƙasa ne. Muna da cibiyar CERMES a Yamai, muna da sashen koyon likita a jami'ar Abdu Mumuni da ta Maraɗi da ta Damagaram. Tambayoyin da ke jiran amsa ba sa buƙatar na'urar miliyan dubu. Yara nawa cikin waɗanda ake kwantarwa a gidan tamowa ke da dasashi mai ruɓa? In aka koya wa ma'aikacin gidan likitan ƙauye duban baki, yara nawa za su iso kafin kunci ya huje? A ƙauyukan da aka raba azitromisin, noma ta ragu ko ba ta ragu ba? Wane wata ta fi yawa, lokacin da rumbu ya ƙare ko bayan annobar ƙyanda? Ɗaliban likita na rubuta kundin kammala karatu kowace shekara. A ba goma daga cikinsu kuɗin mota da na abinci su tafi daji, a ga abin da za su dawo da shi.

Mun san amsar da za a ba mu, cewa babu kuɗi. Shekara talatin ke nan ɗawainiyar wannan cuta, daga gadon jinya har zuwa awon ƙwayoyin cuta, tana wuyan baƙi masu tara sadaka a Lozan da Jamus. Allah Ya saka musu. Amma a 2025 kowa ya ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji cikin ƴan watanni, shirye-shiryen lafiya suka tsaya cik a ƙasashen Afirka da dama. Mai kwana da tabarmar aro ya san ana iya tashinsa da tsakar dare. Ƙasar da ke maganar ƴancin kai safe da yamma, ya dace a ga wannan ƴanci a cikin kasafin kuɗin ma'aikatar lafiya, ko da layi ɗaya ne mai sunan binciken noma. Kuma duk wanda zai zo nan gaba ya ɗebi jini ko miyau na ƴaƴanmu, a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a dawo da sakamakon ƙauyen da aka ɗiba, da Hausa, a gaban maigari da iyaye mata, sannan likitocinmu su shiga aikin tun daga tsara tambaya har zuwa rubutu.

Masu karatu ma ba su fita ba. Alhazan Maraɗi da Damagaram sun gina masallatai, sun haƙa rijiyoyi, Allah Ya karɓa. Motocinsu na shiga kasuwannin da motar likita ba ta zuwa sai lokacin rigakafi. Direban da ya ga yaro da kunci a kumbure da warin baki, ya ɗauko shi da uwarsa zuwa gidan likita mafi kusa a wannan rana, ba ranar kasuwa mai zuwa ba. Ƙungiyar ƴan kasuwa ta gari ɗaya na iya ɗaukar nauyin ɗalibin likita ɗaya na shekara guda, ba ta ji a jikinta ba. Malamin lakwal da ya ga ba a kawo wata yarinya rajista ba saboda fuskarta, ya je gidan ya yi magana da ubanta, don ana iya gyara fuskar ko bayan shekaru, kuma ƙwaƙwalwarta lafiya lau take. Unguwarzoma da ma'aikacin gidan tamowa da ke ɗaura wa yaro ma'auni a dantse, su ƙara da ɗaga leɓensa su duba dasashi. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Shafin wasiƙu na wannan jarida a buɗe yake ga kowane majinyaci ko likita da ke da lissafin yaran noma da suka biyo ta hannunsa, daga kowace jaha. Za mu buga adadin da matakin da suka iso, ba tare da sunan yaro ko na ƙauyensa ba. In ma'aikatar lafiya ta aiko da nata, shi za mu sa a shafin farko.