Ƙahon Bature Wayewa Ne, Namu Camfi?

Masu bibiyar wannan fili ku yi mini haƙuri, yau babu ci gaban labari. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, in ban amayar da ita ba alƙalamin ma ba zai yi gudu ba.

Wani bawan Allah ne, cikin manazartan nan da ba su da aiki sai yi wa littattafanmu tankaɗe da rairaya, muka haɗu a wajen taron marubuta. Shi ne ya taɓa cewa a bainar jama'a wai mu marubutan kasuwa mun cika littattafai da boka da binne ƙaho, muna mayar da al'umma baya. To ran nan sai ga shi baki har kunne, ya dawo daga Faransa, yana ba mu labarin wata 'yar gonar inabi da aka kai su a yankin Burgundi, inda ake wani noma da suke kira bayodainamik. Ya ce, "Hajiya, kin ga wayewa! Mutanen nan sun san darajar ƙasa." Na ce, "Malam, me suke yi?" Ya ce ƙahon saniya suke binnewa. Wallahi na zaci gatse yake yi mini.

Kafin wani ya riga ni, na san inabin nan giya ake yi da shi, ni kuwa ban taɓa kai ta baki ba, Allah Ya ƙara tsare mu. Maganar gona nake yi da maganar adalci.

Na koma gida na zauna na bi diddigin abin. Ashe wani mutumin Ostiriya ne, Rudolf Steiner, ya kafa shi. Ba manomi ba ne, malamin falsafa ne mai da'awar ganin abin da ke ɓoye. A watan Yunin 1924 ya yi laccoci 8 a wani ƙauye da ake kira Koberwitz, wanda yanzu yake cikin Polan, ya rasu a 1925, almajirai suka ɗora. Ga kaɗan daga haɗin, mai karatu, ka yi alƙalanci da kanka. A cika ƙahon saniya da kashinta, a binne da kaka, a tono da bazara. A ɗebi kimanin giram 100, a zuba a ruwa, a yi ta juyawa awa guda cur, a juya dama a juya hagu, sannan a yayyafa wa hekta guda. Hekta fa, wadda ta fi filin ƙwallo girma! Suna kiran wannan haɗi 500. Akwai 501, garin farin dutse ne a cikin ƙaho. Akwai wanda ake ɗura fure a mafitsarar namijin barewa irin tasu, akwai wanda ake cusa sassaƙe a ƙoƙon kan dabba a binne a wuri mai damshi. Ga kuma kalandar wata Bajamushiya, Maria Thun, mai nuna ranar saiwa da ranar ganye da ranar fure da ranar 'ya'ya, gwargwadon burujin da wata ya sauka.

Don Allah in na sa wannan a bakin Boka Na-kan-tudu a babi na bakwai, me Malam zai rubuta a kaina?

Amma ba zan zalunce su ba. Kowace gonar bayodainamik sai ta fara cika sharuɗɗan noma marar sinadari, kuma wannan ɓangaren ba ni da ja a kai. Gonakin inabi ba su kai kashi 4 cikin 100 na ƙasar noman Faransa ba, amma an daɗe ana lissafa cewa suna shan kusan kashi 20 na maganin feshin ƙasar. Wanda ya ce shi ya gaji, ya koma takin dabbobi, ya bar ciyawa tsakanin kunyoyi, ya riƙa zaga gonarsa kullum yana duba ganye ɗaya bayan ɗaya, ai dole gonarsa ta yi kyau. Kowace tsohuwa a ƙauyenmu ta san gonar da mai ita ke kwana a ciki ta fi ta wanda ke aike. To in gona ta yi kyau, wa za a gode wa, takin da zufar, ko ƙahon? Su sai su ce ƙahon.

Kuma ba su faye son a tabo maganar jan ƙarfe ba. Furfurar da ke cin ganyen inabi in damina ta yi nauyi ba ta jin ƙaho. Abin da suke fesawa shi ne haɗin Bordo, wato gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, wanda aka gano tun shekarun 1880. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa shekara bayan shekara har ya cutar da tana. Shi ya sa daga 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7. Malam bai ji wannan a ziyararsa ba, don ba a kai baƙo bayan gida.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne shari'ar Emmanuel Giboulot, mai gonar inabi ta kimanin hekta 10 a wajen garin Beaune. Akwai wata cuta da suke kira flavescence dorée, ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, 'ya'ya su bushe, itacen ya mutu. Ba ta da magani. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotsar ganye, wanda asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, shi ke ɗaukar ta daga itace zuwa itace. A 2013 kantoman yankin Côte-d'Or ya ba da umarni kowa ya yi feshi. Giboulot ya ƙi. Hujjarsa ita ce ba a ga cutar a yankinsa ba, kuma ko maganin da aka yarda wa masu noma marar sinadari, wanda ake tatsowa daga wani fure, yana kashe ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke taimakon gona. A lokacin, doka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wata 6 da tarar yuro 30,000. A watan Afrilun 2014 kotu a Dijon ta ci shi tarar yuro 1,000, aka jingine rabi. Ya ɗaukaka ƙara, a watan Disamban shekarar aka wanke shi. Mutum sama da 500,000 suka sa hannu a takardar goyon bayansa.

Ni ban ga laifin mutumin ba da ya tsaya ya tambayi hukuma dalilin fesa wa yanki guda magani a kan cutar da ba ta iso ba. Tambaya ce ta mai hankali. Masu tafa masa ne matsalata, irin su Malam, da suka mayar da abin wai ƙaho ya kayar da kimiyya. Kotun ba ta ce cutar ƙarya ba ce. Abin da ta gano shi ne umarnin kantoman bai cika ƙa'ida ba, don bai samu amincewar ministan gona ba. Shi ke nan. Ƙwaron yana nan, kuma bai san iyakar gona ba. A dokarsu, itacen da ya kamu tuge shi ake yi, in kuwa abin ya haura kashi 20 cikin 100 na fili, filin gaba ɗaya ake tugewa. Sabon dashe sai ya yi shekara 3 kafin a ci moriyarsa. To ka ɗauki maƙwabci mai 'yar hekta 4 da bashin banki a wuya. In wani ya ji labarin nan rabi da rabi, ya ƙi feshi a inda cutar take da gaske don ya dogara da ruwan ƙaho, wa zai ciyar da gidan maƙwabcin shekara ukun nan? Cikin masu sa hannun nan mutum nawa ne za su aiko masa da ko yuro ɗaya?

Sai kuma kuɗi. Akwai ƙungiyoyi irin su Demeter da Biodyvin da ke duba gona su buga tambari a kwalba, kuma mai saye a Faris ko Landan yana biyan tambarin da labarin da ke bayansa: wata, taurari, ƙaho a ƙarƙashin ƙasa. Ni sana'ata ke nan, na san yadda labari ke sayar da kaya. Bambancinmu da su, mu a bangon littafi muke rubuta cewa ƙagaggen labari ne.

Na aika wa Malam duk wannan a waya tun ranar Talata, na roƙe shi ya bayyana mini bambancin ƙahonsu da na littafina. Ya karanta, na ga alamar. Har yanzu shiru. Ƙahon da ke babi na bakwai kuwa, wanda na yi niyyar cirewa saboda maganarsa, na bar shi a inda kishiyar ta binne. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.