Rubutun Da Babu Sa Hannu

Duk akawun da ya koyi aiki wurin dattawan da suka riƙe Baitulmali zamanin En'e ya san doka guda: ba a taɓa littafin kuɗi sai da takarda, takarda kuwa sai da sa hannu ko dangwalen yatsa. Sa hannu shi ke nuna wanda za a kama in magana ta tashi. To, ga shi yanzu wani sabon littafi ya zo, wanda Turawa ke kira bulokcen, watau littafin lissafi na kwamfuta mai shafuka sarƙe da juna, kowane shafi na riƙe da hatimin na bayansa, kwafinsa kuma na hannun mutane masu yawa. A watan Mayu na 2023 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar yin aiki da shi. Tun da haka ne, ya kamata mu san ƙofarsa mafi hatsari tun kafin a zuba sunayen gonakinmu a ciki.

Yawancin abin da a ke shigarwa a wannan littafi da sa hannun mai shi ya ke zuwa. Ana cire masa ɗan kuɗin shiga, ana kuma ba kowane saƙonsa lambar jeri, don kada a shigar da abu ɗaya sau biyu. Amma akwai saƙon da ba shi da sa hannun mai asusu, kuma wani lokaci ba makawa sai da shi. Ga misali. A 2017 aka sayar wa mutane rabo a wata sarƙa mai suna Polkadot, suka biya ta hanyar wata sarƙar dabam, Ethereum. Da aka buɗe Polkadot a 2020, masu rabon nan ba su da ko anini a cikinta da za su biya kuɗin shiga. Sai aka yarda su aiko da neman haƙƙinsu kyauta, ba tare da sa hannun sabon asusu ba.

Lalle ƙofar da ba a biyan kuɗi, ba a tambayar suna, ita ɓarawo ke so. Saboda haka masu ginin suka sa mai gadi a bakinta, suka ɗora masa tambayoyi. Shin akwai shaida cikin saƙon, watau hatimin tsohon asusun da ya sayi rabon? Shin sunan yana cikin jerin masu bin bashi har yanzu? Saƙon kuma ana sa masa alama don kada irinsa biyu su shiga tare. Mai gadin nan dubawa kaɗai ya ke yi, ba ya rubuta kome. Sai an sake dubawa a lokacin shigarwa, kāna a biya mutum, a soke sunansa daga jeri, sa'an nan a yi shela ga kowa. Shela ita ce ta ƙarshe, gama magana zarar bunu ce.

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun san abin da ke faruwa in aka sāke littafi mai gona bai sani ba. Da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane. A filin noman rani kuma aka baje ƙasa, iyakokin da kakanni suka shata suka ɓace, sai abin da ke cikin takardun ma'aikata. Manoma suka yi ta kukan ba a biya su diyyar gonaki da itatuwa ba, wasu suka ce filin da aka mayar musu ba shi ne nasu ba. Da kuka ya ƙi ji, suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka yi hasarar rayuka. Manomi wanda bai iya karatu ba, ba shi da makami sai amanar mai alƙalami.

Wani zai ce yawan bincike na jawo jinkiri, talaka kuwa shi jinkiri ke cuta. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a rufe ƙofa ga wanda ba shi da takarda ba. Gwauruwa mai neman gadon 'ya'yanta da makiyayin da ba shi da asusun banki suna da haƙƙin shiga. Abin da mu ke cewa shi ne, in sa hannu ya faskara, shaida ta tsaya a madadinsa: maƙwabtan gona, mai unguwa, tsohon rasit. Ga littafin sarƙa kuwa abin ya fi tsanani, domin abin da ya shiga ba ya kankaruwa, sai dai a bi shi da gyara, kuskuren na nan har abada kowa na gani.

Saboda haka muna kira ga akawunan ƙananan hukumomi da su riƙe jerin nan: a duba, a sake dubawa, a rubuta, kāna a sanar. Malaman makaranta kuma su koya wa yara tambayar wa ya shigar da abu, da wace shaida, tun daga rajistar aji da takardar jarrabawa. Gwamnatin Jihar Zamfara kuma, duk ran da aka kawo mata tallar irin wannan littafi don rajistar filaye ko albashi, ta fara da tambayar wane ne ke iya rubutu a ciki ba tare da sa hannu ba, wa kuma ke gadinsa. In ba a sami amsa mai gamsarwa ba, a dakata. Allah ya sa mu gane.