Yaranmu ba daƙiƙai ba ne, Turanci ne ba sa ji

Duk ƙarshen zangon karatu maganar ɗaya ce a nan Sabo. Yaro ya kawo takardar sakamako, uba ya ga jan biro ya cika ta, sai ya ce: "Wannan ba shi da kan boko, gara ya zo ya zauna a shago." Shi ke nan fa, an yanke hukunci. Yaron da ya haddace izu goma, wanda zai lissafa maka canji da ka kafin ka zaro waya, shi ne wai ba shi da kai? Haba jama'a!

Mu dubi yadda yake wuni. A gida Hausa, a makarantar allo Larabci, in ya leƙa Mokola Yarbanci da buroka. Sai ya shiga aji ya tarar malama tana zuba Turanci. In ta ga 'yan aji sun yi tsit, ta maimaita da Yarbanci, su gane, a wuce. Namu kuwa Yarbancinsa na ciniki ne da ƙwallo, bai kai na lissafi ba. Sai ya kwafi abin da ke allo kamar mai zane, ya rufe littafi. Shekara uku a haka, ya koma bencin baya, har shi kansa ya yarda daƙiƙi ne. Ba mu ga laifin malamar ba. Aji cike yake, kuma ba ta jin Hausa.

Masu jiran gwamnati, a yi haƙuri. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, an amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Wasunmu suka yi murna, suka manta cewa a Ibadan harshen da za a ɗauka Yarbanci ne. A Nuwamban 2025 kuma minista Tunji Alausa ya sanar an soke tsarin, a koma Turanci. Da na farko da na biyu, babu wanda aka yi lissafi da ɗan Sabo. Ga jarrabawa ba ta san uzuri ba: in ba ka ci Turanci da kyau a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take, a JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Hatta tambayar lissafi da Turanci ake yin ta.

Akwai masu cewa ai zai koya a titi. Titi buroka yake koyarwa. Buroka tana sayar da tsire, ba mu raina ta ba, da ita da yawanmu muka yi arziki, amma ba ta rubuta wasiƙa, ba ta karanta takardar asibiti. Wasu kuma su ce ai muna biyan kuɗin lesin. Lesin ɗin nan fa malamin da yaro bai gane ba da safe shi ne zai sake maimaita masa da rana, da harshe ɗaya, ga yunwa. Masu kawo addini kuwa, su tambayi malamansu labarin Zaidu ɗan Sabitu, wanda Manzon Allah (SAW) ya umarta ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu.

Abin da muke nema ba babba ba ne: aji a cikin unguwa inda mai jin Hausa zai koya wa yaro Turanci da Hausa. A fara daga sautin baƙaƙe, a karanta gajeren labari, yaro ya faɗe shi da Hausa don a tabbatar ya gane, sannan ya gwada da Turanci, ba bulala, ba dariya. Ɗakuna muna da su, Islamiyyunmu a kulle suke Alhamis da Juma'a. Malamai muna da su, ga samarinmu da 'yan matanmu masu NCE da digiri suna zaune ba aiki. Kuma mata da maza za a ɗauka. Kada wani ya ce 'yarsa tana talla.

Saura kuɗi, kuma a nan ne kowa ke sunkuyar da kai. Kuɗin anko ba ya gagararmu. In ana biki, liƙi har sai an tattake naira da ƙafa. 'Yan canji, mahauta, 'yan goro, direbobi, kowace ƙungiya tana da asusu. Amma a ce a haɗa albashin malamai uku a wata, sai ka ji wai zamani ya yi wuya. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, yau fiye da shekara ɗari, amma har gobe in za mu rubuta koke zuwa ƙaramar hukuma sai mun nemo ɗan wani ya rubuta mana, mu dangwala yatsa a kan abin da ba mu karanta ba.

Muna roƙon masu unguwa da limamanmu su sa wannan batu a gaba a zama na gaba, kafin a koma hutu. Kowace ƙungiya ta faɗi abin da za ta bayar duk wata, a rubuta, a karanta a masallaci kowa ya ji. Iyayen da suka riga suka cire yaransu daga makaranta su ma a aika musu su zo.