A Rufa Wa Mai Yoyon Fitsari Asiri

Zancen da na kawo muku yau irin wanda akan yi ƙasa-ƙasa ne a ƙuryar ɗaki, amma na ga gara a fito da shi fili, domin shirun da muke yi bai warkar da kowa ba. Zancen kuwa shi ne na 'yan'uwanmu da fitsari ke zubo musu ba da son ransu ba, da kuma abin da za su sa a jiki su shiga jama'a hankali kwance.

Kwanakin baya na je suna Faru ta ƙasar Maradun. Gida ya cika maƙil, ana ta guɗa ana rabon tuwo, sai na lura ban ga ɗiyar wata aminiyata ba. Da na tambaya aka nuna mini wani ɗaki can baya. Na same ta zaune bisa buhu, tsummoki jibge a gefenta. Na ce, "Haba 'yar nan, ana sha'ani kina nan ke kaɗai?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, in na fita a kan me zan zauna?" Shekara uku ke nan tun da ta yi naƙudar kwana uku, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da yoyo. Ta ce ta gwada yanka ledar cefane ta ɗaura bisa ƙunzugu, amma ko motsi ta yi sai ledar ta yi ƙara, ga zafi, ga cinyoyinta duk sun saɓule.

Ya kamata mu san cewa wannan lalura ba aikin iska ba ce, ba kuma sammu ba ne. Idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina kai wa wurin. Bayan 'yan kwanaki sai naman ya mutu ya huje, fitsari ya riƙa bi ta gaba dare da rana. Yankan gishiri ma yana jawo haka. Bayan waɗannan kuma akwai iyayenmu tsofaffi da suka kasa riƙe fitsari, da masu shanyewar ɓarin jiki, maza da mata. Duk wadda ta taɓa jinyar tsoho ta san yawan wankin da ake sha. Saboda haka kada wata ta ce babu ruwanta, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

To, me ake bukata? Abu biyu ne: ƙunzugu mai shan ruwa daga ciki, da wando marar yoyo a bisansa. Wandon nan shi ne wuyar samu. Na kirki shi ne marar kauri, mai laushi, wanda ba ya ƙara in ana tafiya, ba ya kuma tasowa a ƙarƙashin zane har a gane. Robar ƙugu da ta cinya ta kama daidai, kada ta matse har ta yi shaida, kada kuma ta yi sako-sako. A sami kamar uku, domin in ɗaya na jiki, ɗaya na shanya, ɗaya na ajiye. A wanke da ruwan sanyi da sabulu a shanya a inuwa, domin rana da ruwan zafi suna busar da roba ta tsage. Ƙunzugun kuwa ya zama na auduga, a canja shi da zarar ya jiƙe, a wanke jiki a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin don kada fitsari ya ci fata.

Amma ku shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata ku nema. Na jarirai ga su nan ko'ina, kowane launi. Na manya kuwa sai an sha yawo. Irin na zamani da akan sa sau ɗaya a yar, ya fi samuwa a manyan shagunan magani na birni, kuma matar da ke canja uku ko huɗu a yini, ina za ta ga kuɗinsa wata da watanni? Ko an ce ga shi, wace mace ce za ta tsaya gaban ɗa namiji a kemis, mutane na saurare, ta ce a ba ta ƙunzugun manya? Da yawa sun gwammace su zauna a ɗaki.

A nan ne nake kira gare ku telolinmu mata. Wadda ta iya ɗinka rigar amarya, wandon nan ba zai gagare ta ba. Yadin laima marar kauri daga waje, auduga daga ciki, roba a baki, shi ke nan. Ku kuma dillalai masu shiga gida-gida da atamfa da turare, ku riƙa saka shi cikin ƙunshinku. Mace za ta saya a hannun 'yar'uwarta mace babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Ciniki ne, kuma lada ne. Maigida, kai ma da kai nake. Matar nan wajen haifa maka ɗa ta gamu da wannan ciwo. Ba a ce ka yi abin da ya fi ƙarfinka ba, amma sabulu da sutura haƙƙinta ne, kora ta gidan iyayenta kuwa ba halin dattako ba ne.

Sai dai ku ji da kyau, wandon roba rufin asiri ne, ba magani ba ne. Yoyon da haihuwa ta jawo ana ɗinke shi, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aiki suna warkewa. A Gusau akwai asibitin Farida, a Sakkwato akwai asibitin mata da yara na Maryam Abacha, a Kano akwai sashen Laure a asibitin Murtala. A Katsina kuma akwai Babbar Ruga, inda wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara wannan aiki tun cikin shekarun 1980, ya yi wa dubban mata, ya kuma koyar da likitocinmu. Wadda yoyo ya fara mata bayan haihuwa kada ta ce sai an yi arba'in. In ta je da wuri, wani lokaci robar fitsari kaɗai za a sa mata na 'yan makonni, ƙaramin huji ya rufe da kansa.

Akwai kuskure guda da nake so a bari. Masu yoyo sukan ƙi shan ruwa wai don zubar ta ragu. Wannan shi ke sa fitsari ya yi kauri, zarni ya ƙaru, fata ta ƙone. Shan ruwa da yawa shi ne ke rage wari. Haka kuma kada a hana su salla, domin malamai sun yi bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai irin wannan uzuri.

Tun shekarar 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 23 ga Mayu don yaƙi da yoyon fitsari. To, taro da jawabi suna da kyau, amma muna roƙon hukuma ta tuna da matar da ke jiran layin aiki, a riƙa raba musu wanduna da sabulu a asibitocin ƙauye. Mu kuma mu tuna rigakafi ya fi magani. Na san yadda 'yan bindiga suka sa tafiyar dare ta zama abin tsoro a yankin nan namu, saboda haka mai ciki ta riƙa zuwa awo, in wata ya kama ta matso kusa da asibiti tun da sauran lokaci. Ungozoma kuma kada ta bari rana ta fito ta faɗi a kan mace tana durƙushe. Yarinyar da jikinta bai ƙosa ba, a yi haƙuri ta ƙosa.

Ita ɗiyar aminiyata, na sa an ɗinka mata uku, mun kuma sa ranar da za a kai ta Gusau. Ku ma kowace ta duba maƙwabtanta, wataƙila akwai wadda ta daɗe ba ku gan ta wurin biki ba. Ku leƙa ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, amin. Ku huta lafiya.