Itacen Ƙarya Ya Fi Kukarmu Gata

'Yan'uwa ɗalibai, masu cewa itace bai isa a yi masa littafi ba su dubi Tolkien, Baturen Ingila. Cikin The Lord of the Rings na 1954 zuwa 1955 ya ƙago itacen mallorn mai ɓawo ruwan azurfa. Ganyensa kan zama ruwan zinariya da kaka, ba ya zuba sai sabon fure rawaya ya fito. Da aka sare itacen taron mutanen Shire, ƙwayar mallorn Sam ya shuka a gurbinsa.

To, mu fa? Ga kuka, mai fure da dare, jemagu na yi mata barbara. Ita ce miyarmu, igiyarmu, gidan iskokin tatsuniyoyinmu. Amma marubutanmu inuwa kaɗai suke gani a jikinta. Haba! Wannan sakaci ne. A ɗauki alƙalami, jama'a.