Idan zuciyar yaro ta yi sanyi, iska take nema

Zuciyar jariri mai lafiya tana bugawa kamar sau 120 zuwa 160 a minti guda. Idan ta sauko ƙasa da 60, jiki ya saki, leɓɓa suka dushe, to ajali ya leƙo. A wajen manya, raguwar bugu kan samo asali daga ciwon zuciyar kanta. A wajen yara kuwa, mafi yawan lokuta ƙarancin iskar oksijin ne: limoniya ta cika huhu, ko jinjiri ya faɗo duniya bai ja numfashi ba.

Shi ya sa ƙa'idar likitocin yara ta fara da buɗe hanyar numfashi, a ba da oksijin, a hura iska da ƴar jakar roba da ake matsawa da hannu. Idan bugun bai haura 60 ba, a shiga danna ƙirji, sannan allurar adirenalin. Na'urar daidaita bugu da ake dasawa ta ƴan ƙalilan ce, kamar waɗanda aka haifa da tangarɗa a hanyar saƙon lantarkin zuciya. Mashaƙo ma, wanda ya addabi Kano a 2023, dafinsa na iya taɓa wannan hanya, kuma rigakafi ne katangarsa.

Yola na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, Jimeta na da Asibitin Ƙwararru. Amma yaron da numfashinsa ya sarƙe a wani ƙauyen Fufore ko Girei ba shi da sa'a guda ta hanya; ƙwaƙwalwar da ta rasa iska kan fara lalacewa cikin ƴan mintoci. Hukuncinsa na hannun ma'aikaciyar ƙaramin asibitin da aka fara kai shi.

A nan alƙalumanku suka shigo, ku masu tsara kasafi da rubuta wa shugabanni takardu a Abuja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Na san jakar hura iska ba ta da kwarjinin ginin da ake yanka wa kyalle a gaban ƴan jarida. Duk da haka, kafin takardar sabon gini ta wuce teburinku, ku tambaya: asibitoci nawa ne a Adamawa ke da oksijin cikin dare, da wutar sola mai riƙe na'urarsa, da ungozomar da aka sake horarwa a bana?